Gidiyon, Zo Ka Ɗauki Muzurunka

Titin Abeokuta,
Sabon Gari, Kano.
Afrilu, 2000.

Zuwa ga ƙanena Gidiyon,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya tsare mu har muka ga Istar bana da rai. Ina fata wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Monica, da David, da 'yar auta Joy. Allah ya ƙara muku lafiya, ya kare ku daga sanyin Ingila da kuka zaɓar wa kanku, ya raya yaran cikin tsoronsa, ya kuma sanar da su cewa suna da kaka a duniya. Mu nan muna nan yadda ka bar mu, sai dai tsufa da ya ƙaru. Mijina Harrison ya samu sauƙin ƙafarsa, ya koma shago. 'Yata Sarah tana dab da gama karatun jinya a Zariya. Kawu Augustine ya zo daga Wusasa ya yi mana kwanaki, ya tambayi labarinka, na ce masa kana can kana jiran Najeriya ta nuna kamar mangwaro sannan ka zo ka tsinka. To, na gama gaisuwa, domin Mama ta hore mu da cewa ko wanda za ka yi wa faɗa sai ka fara tambayar lafiyarsa. Yanzu ka gyara zama.

Mama ta yanke jiki ta faɗi a bakin Kantin Kwari ranar Alhamis da ta wuce, da tsakar rana, kuma muzurunka ne sanadi. Tana da rai. Ta kwanta a asibiti, an sallame ta, tana ɗakinta yanzu. Kada ka ce na yi rashin tausayi da na jefo maka maganar haka ba tare da lallashi ba. Da gangan na yi. Ina so hankalinka ya tashi, ko da na tsawon shan shayi ɗaya ne, domin namu ya daɗe a tashe.

Bari in tuna maka yadda muka zo nan, tunda na lura nisa yana wanke maka ƙwaƙwalwa. Ka bar ƙasar nan lokacin soja, ka ce ba za ka iya numfashi a ƙarƙashin takalminsu ba, alhali ni da kai mun san babu sojan da ya taɓa sanin sunanka, ko kofur. Ka riƙe hannun Mama a filin jirgi ka yi mata alkawari cewa ranar da soja suka koma bariki, ranar za ka fara ɗaure kaya. Bara suka koma. Ranar da aka rantsar da farar hula Mama ta ɗaura sabon zani ta taka rawa a tsakar gida, maƙwabta suna tsammanin siyasa ta shige ta, ba su san ita ɗanta aka rantsar mata ba. Da damina sai ga Monica ta sauka ita kaɗai, ba kai, ba yara, tana riƙe da keji mai raga da muzuru a ciki. Ta ce wai wannan shi ne kayan farko na dawowarku, kun aiko shi gaba ne don ya saba da ƙasa, sauranku kuna tafe kafin Kirsimeti. Ta ɗora kejin a cinyar Mama ta ce amana ce daga Gidiyon.

Ba na ganin laifin Monica sosai, a Legas ta tashi, wataƙila a wurinta amana kalma ce mai daɗin faɗi kawai. Amma kai ka san wace ce Mama. Ka san labarin keken ɗinkin Bridget, maƙwabciyarmu da ta gudu Gabas lokacin tashin hankalin sittin da shida ta bar shi a hannun Mama. Ina da wayo a lokacin, na ga Mama tana ɗinke mana yagaggun riguna da allurar hannu, ga keke a lulluɓe a kusurwar ɗaki, tana sa masa mai, tana goge shi, ba ta taɓa taka shi ko sau ɗaya ba, har aka gama yaƙi Bridget ta dawo ta ɗauki abinta. Wannan matar ka aiko wa abu mai rai ka ce amana ne. Kirsimeti ta zo ta wuce. Ka ce a bari a ga ko farar hular za su ɗore. Da aka yi rikicin Kaduna ka samu sabon uzuri, ka rungume shi kamar ɗan da ka haifa, kamar mu da muke kwana muna tashi a Sabon Gari da ƙarfe aka ƙera mu. Da na ce a waya a mayar maka da dabbarka, ka ce dokar Ingila sai an tsare ta wata shida a killace. Na yi mamaki. Kyanwa wata shida kawai suke tsarewa, kai kuwa ko ranar sakinka ba su faɗa ba.

Yanzu bari in ba ka labarin ɗan naka, tunda ba ka tambaya. Na karanta ɗan littafin da ya zo da shi daga bango zuwa bango, da irin natsuwar da nake karanta tarihin da nake koyar wa 'yan mata a makaranta. Wai ana kiran irinsa Biritish Shothiya, wato ɗan Birtaniya mai gajeren gashi. Wai launinsa shuɗi ne. Ni na taso a ƙasar da ake rini, na san shuɗi, wannan toka ce ta murhu. Ga ƙaton kai kamar ƙwarya, ga gajerun ƙafafu, ga kumatu sun cika sun batse kamar na ɗan majalisar da ya shekara a Abuja, ga idanu jajaye kamar tsohon kwabo da aka goge. Har da takardar asali ya zo da ita, an jera sunayen uwarsa da ubansa da kakannin kakanninsa. Na zauna ina dubawa ina tunanin cewa da za a titsiye ka a ce faɗi sunan kakar Baba, da sai ka fara tari. Sunan da kuka raɗa masa Mama ta kasa furtawa, ta sa masa Baƙo, kuma ban taɓa jin sunan da ya dace da mai shi irin wannan ba.

Littafin ya ce irinsu masu natsuwa ne, masu kamun kai, ba sa damun mutum da kuka. Gaskiya ne, kuma da Hausa wannan hali girman kai muke ce masa. Baƙo ba ya yarda a ɗauke shi. In ka ɗaga shi sai ya sandare ƙafafu, ya kau da kai, ya jira ka gaji ka sauke shi, sannan ya lashe inda hannunka ya taɓa. Ba ya hawa cinya. Zai bi Mama daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa tsakar gida, amma kullum sai ya zauna daidai inda hannunta ba zai kai ba, ya zuba mata ido. Ba ya cizo, ba ya yaƙushi, wannan na ba shi. Ko yara sun ja masa wutsiya tashi kawai yake yi ya canja wuri, kamar alƙalin da ya ɗage shari'a. Aikin kyanwa kuwa, wanda saboda shi ake barin ta a gida, bai san da shi ba. Da idona na ga ɓera ya wuce ta gaban hancinsa ɗauke da ɓawon gyaɗa, ya bi shi da kallo har ya shige rami, sannan ya yi hamma. Magen gidan Malam Ɗanlami mai wanki, wadda ba ta da takarda ko ta haihuwa, ita ke tsallako katanga ta yi mana aikin. Ci, barci, kallon mutane daga nesa, da shiru idan ana buƙatarka. Gidiyon, da ban san daga inda ya fito ba, da na ce daga cikin Mama kuka fito tare.

Kulawarsa kuma aikin gwamnati ne. Gashin nan da suka ce gajere ne, cunkus yake kamar bargo, an halicce shi don ƙasar da rana take jin kunya. Dole a taje shi da buroshi, in ba haka ba ya zube a ko'ina, a gado, a tabarma, har a miyar kuka na tsince shi, shi kuma ya haɗiye sauran ya amayar mana a daɓe. Ba ya fita waje ya yi bayan gida kamar kowace kyanwa, sai an zuba masa yashi a faranti, an sauya, an wanke. Abincin gwangwanin da Monica ta kawo ya ƙare tun kafin kaka. Muka ba shi tuwo, ya sansana ya dube mu kamar mun zage shi. Muka ba shi madara, ya yi zawo. Sai kifi, a dafa shi ba gishiri ba barkono, a zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ƙuma ta kama shi, na ɗauke shi a tasi zuwa wurin likitan dabbobi, na bi layi tsakanin mai rago da mai kaji, ana leƙa kejin ana tambayata ko ɗan zaki ne. Likitan ya yi masa allura, ya ce tunda an dandaƙe shi, kuma irinsu malalata ne masu saurin ƙiba, a auna masa abinci, a riƙa sa shi wasa, in ba haka ba kitse zai kama masa zuciya. Na dawo na faɗa wa Mama. Ta ce ba a auna wa baƙo abinci a gidanta.

A nan ne abin ya daina ba ni dariya. Ka san Mama tana da hawan jini. Likitanta ya hana ta jan nama, ya ce ta riƙa cin kifi, ta guji zafi. Ina sayo kifin, ina dafawa, ina kai mata, ina ganin kwano ya dawo wanke. Sai da zaninta ya fara zamewa daga ƙugunta na gane cikin wa kifin yake shiga. Sannan bazara ta zo. Kai ka manta zafin Kano a watan nan, bari in tuna maka: kwanon rufi yana ƙara kamar ana soya shi, ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Muzurunka ya fara haki, ya baje a siminti, harshe waje. Mama ta juya masa fankarta, ita ta koma gefe. In an ɗauke wuta, kuma kullum ana ɗaukewa, farar hula ba su canja wannan ba, sai ta jiƙa tawul ta shimfiɗa masa kusa da randa. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da uwarmu, matar da ta haife mu ta binne mijinta, zaune a ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana yi wa kyanwa fifita da mafici. Shi kuwa ya lumshe ido, ko godiya babu.

Bai tsaya nan ba. Chioma ta ɗakin gaba, wadda ta saba shigowa kullum da yamma ta zauna da Mama suna tsinke alayyafo suna hira, ta ɗauke ƙafa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin kyanwar da ba ta kuka, ba ta kama ɓera, sai kallon mutum da idon wuta ba, kuma a garinsu an san abin da irin wannan take nufi a ɗakin tsohuwa. Na je na wanke ta tas, na karanto mata abin da Littafi ya ce a kan shaidar zur, ta ba da haƙuri, amma har yau ba ta dawo ba, kuma ta hana 'ya'yanta shiga. Ka ga ribar kyautarka: ka aiko wa Mama abokin zama, ya kore mata wanda take da shi.

Saboda haka na yi abin da ya kamata a ce kai ka yi. Akwai Alhaji Gana, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda muke sayen ankon coci a wurinsa, na kuma koyar da 'ya'yansa mata biyu. Mutum ne mai son kyanwa, ko a shagonsa akwai kwanon da yake ajiye musu. Gidansa a Kwaciri yana da janareta da na'urar sanyaya ɗaki. Na ba shi labarin Baƙo, ya ce a kawo, zai riƙe shi da daraja, a addininsu ma kyautata wa kyanwa lada ne. Ranar Alhamis da safe, da Mama ta tafi taron addu'ar mata, na naɗe muzurun a zani na kai shi. Kada ka jira in ce na yi nadama. Da za a maimaita ranar, da zan sake kai shi, sai dai wannan karon zan kulle ƙofa in zauna a bakinta.

Na wuce makaranta. Mama ta dawo ta ga wurinsa wayam. Ta tsare Harrison, shi kuma ka san shi, ko ƙaryar ceton rai ba ya iyawa, ya faɗa mata wurin wa na kai shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta jira ya koma shago, ta ɗauki kejin nan, ta fita. Tana tsoron acaɓa, ba ta san gidan Alhajin ba, shagonsa kawai ta sani, don haka ta kama hanya da ƙafa daga Sabon Gari zuwa Fagge, rana tana tsakiyar kai, cikin motoci da 'yan dako da hayaƙi. Ta kai bakin kasuwar, a nan ƙafafunta suka ƙi. 'Yan kasuwa ne suka ɗauke ta suka kwantar a kan dilolin atamfa, suna yayyafa mata ruwa, suna yi mata fifita da kwali. Sun ce ko a sume hannunta bai saki kejin ba. Allah ya sa wani ya gane ta ya ce ai mahaifiyar Malama Jemima ce, aka kira Alhaji Gana, ya sa ta a motarsa zuwa asibiti. Kafin magariba ya dawo da muzurun da kansa har gida. Ya ce mini, cikin ladabin da ya fi mari zafi, da ya san amana ce a hannun tsohuwa da bai karɓa ba, domin abin da aka ba mutum ajiya ba mai bayar da shi sai mai shi. Na tsaya a ƙofar gidanmu, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, ana duba na kamar ɓarauniya, a kan kyanwar da ba tawa ba.

A asibiti, da ta farfaɗo aka cire mata ƙarin ruwa, na kasa riƙe bakina. Na tambaye ta ko so take ta mutu a titi saboda dabbar da ko cinyarta ba ta yarda ta hau. Na zaci za ta kawo mini zancen amana da keken Bridget. Ba ta kawo ba. Ta ce ita ma ba wani son muzurun take yi ba, gashinsa yana sa ta tari, kuma ba ta taɓa zama da abu mai rowar jiki irinsa ba. Ta ce ta daɗe da daina sa ran za ka dawo saboda ita, tunda shekara da shekaru tana nan ba ka zo ba. Amma wannan dabbar, da ka yi mata takarda, ka yi mata allura, ka sa ta a jirgi, ta ga alama tana da daraja a wurinka, dole wata rana ka zo duba ta. In ka zo, ita ma sai ta samu ta gan ka a gefe. Ta ce shi ya sa ba ta so ka tarar ya rame.

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, Gidiyon, na mutanenmu da na mutanen da kake zaune a cikinsu, ban taɓa cin karo da hukuncin da ya kai wannan tsanani ba, kuma wadda ta yanke maka shi ba ta ma san hukunci ta yanke ba. Uwarka tana kiwon kyanwa da abincinta da iskarta da sauran ƙarfinta, don ta zama tarkon da zai kamo mata ɗanta.

Da na zauna rubutun nan niyyata in ce ka aiko wa Mama takarda da hannunka, ka ce ka sauke mata amanar, a ba Alhaji Gana muzurun. Na fasa. In ka aiko irin wannan takarda ni zan fara karɓa daga gidan waya, kuma a murhu za ta ƙare, domin ranar da ka ce ba ka buƙatar dabbar nan, ranar ka gaya wa Mama babu sauran abin da zai kawo ka Kano. Kada ka aiko magani, muna da shi. Kada ka aiko abincin gwangwani ko sabon buroshi. Kada ka bugo waya shagon Harrison ka yi ta sannu da muryar nan taka ta mai wa'azi, sannan ka ce layi ba kyau. Kada kuma ka sake kawo mini zancen ko farar hula za su ɗore. Ban sani ba, su ma ba su sani ba. Abin da na sani shi ne ɗan littafinka ya ce irin wannan muzuru, in ya samu kulawa, yana iya kusan shekara ashirin a duniya, kuma naka yanzu ya fara. Na tambayi likitan Mama ita fa, ya duba takardunsa, ya gyara tabarau, ya ce mu dai ci gaba da addu'a. Shi Baƙo yana da lokacin jiran ka. Ka zo ka ɗauki abinka da hannunka, daga hannun da ka damƙa wa, tun hannun yana iya miƙo maka.

Ka gaida Monica, ka ce mata ban riƙe ta a zuciya ba, saƙo aka ba ta ta kawo. Ka gaida David da Joy, ka nuna musu hoton kakarsu in kana da shi, in babu ka faɗa mini in aiko. Harrison yana gaishe ka, ya ce in sassauta harshe, na ce ya rubuta tasa. Sarah tana gaida kawunta da ba ta iya tuna fuskarsa. Kawu Augustine da mutanen Wusasa duka suna gaisuwa. Mama ba ta san abin da na zuba a takardar nan ba. Ta ga ina rubutu ta tambaya ko kai ne, na ce i. Ta ce kada in tayar maka da hankali da zancen asibiti, in dai gaya maka Baƙo yana nan lafiya, yana ci sosai, har ya ƙara ƙiba. Ga shi na gaya maka.

Ni ce yayarka, wadda ta goya ka,
Jemima.